Tsoron da ya kama yaranmu lokacin annoba: kowa ya faɗi abin da ya gani

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, aka rufe makarantu, ɗana mai shekara 6 ya koma fitsarin kwance, abin da ya daina tun yana shekara 3. Na yi ta yi masa faɗa, Allah ya yafe mini. Sai wani dare na ji yana tambayar yayarsa wai in na yi tari mutuwa zan yi? Ashe duk adadin mamatan da muke saurara a labarai yana gefe yana ji. Akwai wanda ya ga irin wannan a gidansa?

Abban 'Yan Mata:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Tawa 'yar shekararta 15 a lokacin. Cikin dare numfashinta ya sarƙe, zuciya na dukan uku-uku, gumi sharkaf. Muka garzaya asibiti muna ganin cutar ce ta shigo. Likita ya auna, huhu lafiya lau, ya ce fargaba ce ta taso mata gaba ɗaya. Ya koya mata ta ja numfashi a hankali ta hanci, ta sake shi ta baki a hankali fiye da yadda ta ja. Daga baya na gane har ƙarfe biyun dare tana kallon bidiyon marasa lafiya a waya. Ban ƙwace wayar ba, don da ita take gaisawa da ƙawayenta. Mun dai yi yarjejeniya a falo wayar za ta riƙa kwana.

Malamar Firamare:
UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce ɗalibai sama da biliyan 1.5 rufe makarantu ya shafa a 2020, kuma da aka dawo na ga alamar hakan a ajina. Wata yarinya tana wanke hannu har fatar ta tsattsage. An ce mata daƙiƙa 20 da sabulu, ita kuwa ba ta yarda hannun ya fita ba, sai ta koma. Masu ciwon ciki da ciwon kai kullum da safe ma sun yi yawa.

Ɗalibar Jami'a:
Mama, bari in yi magana a madadin yaran, don shekarata 14 a lokacin. Abin da ya fi razana ni shi ne iyayena su yi shiru da zarar na shigo ɗaki. Sai in ɗauka wani ne ya rasu ake ɓoye mini. Na zama mai saurin fushi, aka ce rashin kunya na koya. Ranar da babana ya zaunar da ni ya ce shi ma yana jin tsoro, ya bayyana mini yadda cutar ke yaɗuwa da abin da za mu yi in wani ya kamu, ranar na yi barci har gari ya waye.

Ma'aikaciyar Jinya:
Nawa yaran kuka suke in zan tafi aiki. Na sa musu lokacin tashi, na karatu da na barci, kuma ina kiransu a sa'a ɗaya kullum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar. Don Allah, in yaro ya yi makonni ba ci ba barci, ko ya ambaci cutar da kansa, a kai shi wurin likita, kada a jira.

Maman Biyu:
'Yata, maganarki ta sa ni hawaye. Nawa ma sai da na daina kunna labarai a gabansa, na ce masa tari ba mutuwa ba ne, sannan shimfiɗarsa ta fara kwana a bushe. Wata biyu abin ya ɗauka.