Gidan jan bulo na wajajen 1910: mu yi masa filasta ko mu bar shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan da muka saya yana unguwar gefen gari a Ingila, na jan bulo ne, an ce an gina shi wajajen 1910. Kwaɓin da ke tsakanin bulo yana zubewa, bangon falo kuma yana da danshi daga ƙasa. Birkila ya ce a shafe gaban da siminti, a yi fenti, a sa tagogin roba. Irin wannan gida yana da wata darajar tarihi ne, ko mu bi maganarsa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a taɓa komai, ki san matsayin gidan a doka. Ki duba kundin gine-ginen tarihi na Historic England a intanet, kyauta ne. Da wuya ki same shi a ciki, domin gine-ginen bayan 1850 suna da yawa, sai fitattu ake ɗauka. Abin da ya fi yiwuwa shi ne layinku yana cikin unguwannin da ƙaramar hukuma ta keɓe don adanawa, tsarin da ya fara a 1967. A wasu irin waɗannan unguwanni ko canza taga ko fentin gaban gida sai da izini, don haka ki tambayi sashen tsara gari a rubuce.

Rashin shiga kundi kuma bai rage masa ƙima ba. Darajar irin wannan gida tana cikin abin da ya saura na asali: fuskar bulo, tagogin katako, ƙofa mai gilashi mai launi, tayil na zaure, murhu, da yadda ya yi daidai da 'yan'uwansa a layi. Gida ɗaya da aka shafe da siminti yana ɓata jerin gaba ɗaya. Tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, da ƙidayar jama'a ta 1911 za su taimaka miki wajen gano lokacin gininsa da waɗanda suka fara zama a ciki.

Amsa ta biyu: Hajiya, don Allah kada ki yarda da simintin nan. Ki kalli jerin bulon: in kina ganin wasu gajeren kansu ne a waje, wasu kuma tsawonsu, mai yiwuwa bango ne cikakke mai kaurin inci 9, ba rami a tsakiya. Da kwaɓin farar ƙasa (wato lime) da yashi aka gina irinsa, yana shan ruwa yana kuma fitar da shi ta layin kwaɓin. Siminti ya fi bulon tauri. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, in sanyi ya daskarar da shi sai fuskar bulo ta ɓare. Ranar da aka zo cire filastar kuma da fatar bulon take tafiya.

Gyaran da ya dace shi ne a sake cike layukan da suka lalace kawai. A ƙwaƙule su da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, wato in faɗin milimita 10 ne a shiga 20. Ban da injin yanka, yana cin gefen bulo. A share ƙura, a jiƙa wurin, a cusa kwaɓin farar ƙasar gini kashi 1 da yashi mai kaifi kashi 2 da rabi zuwa 3, a danne sosai. A rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki don kada ya bushe da sauri. Kada a yi aikin in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. In za a maye bulo, a nemo tsohon awo, domin na yanzu mai tsayin milimita 65 yakan gaza na da.

Amsa ta uku: Malam ya yi bayani, amma danshin za a fara bi, in ba haka ba aikin banza ne. A duba magudanar rufi da bututunta lokacin da ake ruwa. Sannan a nemi layin hana danshi a gindin bango, galibi fallen baƙin dutse ne. Ƙasar waje ta kasance aƙalla milimita 150 a ƙarƙashinsa. Sau da yawa daɓen da aka ƙara daga baya ne ke haye shi. Bulo masu huji na ƙasa kuwa iska suke kai wa katakon daɓe, in sun toshe katakon ruɓewa yake yi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To tagogin fa? Iska na shigowa.

Amsa ta biyu: Kafinta zai yanke inda ya ruɓe ya dasa sabon katako, ya canza igiyoyin da ke riƙe tagar in an ɗaga ta, ya sa abin toshe iska a gefuna. In sanyi ya yi yawa a ƙara gilashi na biyu ta ciki. Tsohon fentin kan ƙunshi dalma, saboda haka kada a goge shi a bushe ko a ƙona shi, musamman in akwai yara a gidan.