Wace halƙa zan haska wa samari daren Alhamis?

Malam Idi, Gadarif: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. A unguwarmu akwai iyalan da suka gudo daga Khartum da Wad Madani, samarinsu ba su da abin yi bayan isha'i. Mun samu faifan sola da batir, duk daren Alhamis muna haska musu wani abu a bangon aji. Wannan karon sun ce na halittun wasu duniyoyi suke so. Ni kuma ba na son harbe-harbe zalla. Ina neman halƙa, wato kashi ɗaya na shirin talabijin mai dogon zango, da ke nuna yadda mai mulki ke fakewa da tsoron baƙo ya danne mutanensa. Batirinmu ba ya wuce awa ɗaya da rabi.

Sadiƙu, Fot Sudan: Wa alaikumus salam Malam. Babylon 5, ba sai an yi dogon nema ba. Shugaban duniya Santiago ya mutu a fashewar jirgi, mataimakinsa Clark ya gaje shi, ashe da hannunsa a ciki. Sai ya dinga cewa baƙi sun kutsa cikin gwamnati, alhali shi ne ke hulɗa da mafi mugunta a cikinsu. Ya kafa 'yan sa-ido masu ɗaura baƙin ƙyalle a hannu, ana ƙara musu ɗan kuɗi duk mako don su kai rahoton abin da maƙwabta ke faɗa. Ka nemi halƙarsa mai suna Severed Dreams ta 1996. A cikinta sojoji suka afka wa gidan talabijin ana tsakiyar labarai, allo ya ɗauke. Ta ci kyautar Hugo, ta ƙagaggun labaran kimiyya, a 1997.

Anti Balki, Kasala: Sadiƙu ɗana, halƙar ta yi kyau, amma a tsakiyar zango na uku take. Wanda bai bi labarin daga tushe ba zai ga jirage na faɗa ne kawai, bai san wa ke da gaskiya ba. Kuma ka tuna su wa za su kalla. Yaran nan sun ji ƙarar jirgin yaƙi a kan rufin gidajensu.

Sadiƙu: Gaskiya ne Anti, ban kawo wannan a rai ba.

Anti Balki: Malam, ga tawa, gajera ce, ba ta kai rabin awa ba. The Monsters Are Due on Maple Street, daga Twilight Zone, 1960, Rod Serling ya rubuta. Hotonta baƙi da fari ne. Wani haske ya gifta a sama, wuta ta ɗauke a layi guda, waya da motoci suka tsaya. Wani yaro ya ce ya karanta cewa baƙin sama kan turo nasu tun da wuri cikin siffar mutane. Shi ke nan. Motar wani ta tashi da kanta, aka ce shi ne. Wata ta ce ai tana ganinsa da tsakar dare yana kallon sama, bawan Allah kuwa rashin barci ke damunsa. Kafin gari ya waye an harbe maƙwabcin da ya je duba layin gaba. Baƙin na can kan tudu, ba su taɓa kowa ba, wuta kawai suke kunnawa suna kashewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malam Idi: Wannan ta kama ni Hajiya. Sai dai ban ji gwamnati a ciki ba, talakawa ne suka ci junansu. Ba na son yara su tashi da cewa laifin duk na maƙwabta ne.

Dakta Haruna, Sinnar: To Malam, abin da kake nema yana cikin Star Trek: Deep Space Nine, halƙa biyu a jere daga Janairun 1996, Homefront da Paradise Lost. Abokan gaban masu rikiɗa ne, suna iya ɗaukar kamar kowa. Bam ya tashi a wani taro a Antwerp, mutum 27 suka mutu, aka tabbatar da hannunsu. Barazanar gaske ce, ba ƙirƙira ba, kuma wannan ne ya sa na fifita ta. Daga nan aka fara ɗibar jinin manyan jami'ai da iyalansu, don jinin mai rikiɗa kan koma asalinsa da zarar ya bar jiki. Sai wuta ta ɗauke a duk duniya, shugaba ya sa dokar ta-ɓaci, sojoji suka cika tituna. Daga baya ta bayyana cewa wani babban hafsa, Leyton, shi ya sa ɗaliban soja suka kashe wutar don ya samu hanyar juyin mulki, kuma shi a ransa ceton ƙasa yake yi.

Wurin da ba ya barin zuciyata shi ne na mahaifin Kyaftin Sisko jarumin shirin, wani dattijo mai gidan abinci a New Orleans. Ya ƙi a ɗebi jininsa. Yana cikin gardama da ɗansa a madafa sai wuƙa ta yanke shi, ya ɗago ya ga ɗan cikinsa na ƙura wa jinin da ke kan wuƙar ido. Na ga irin kallon nan a shingen bincike, lokacin da aka tambaye ni ƙabilata kafin a tambayi sunana. Can gaba wani mai rikiɗa ya gaya wa Sisko cewa su huɗu ne kacal a duk faɗin duniya.

Kawu Sale, Mai Wurno: Dakta ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Kakanninmu sun iso bakin kogin nan daga Arewacin Najeriya bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har gobe akwai mai tambayar jikokinmu daga ina suka zo. Rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 ba mu manta ba. Jikana ya taɓa nuna mini wata, The Drumhead ta 1991, daga Star Trek: The Next Generation, inda aka tasa wani matashin ma'aikacin jinya a gaba don ya ɓoye cewa kakansa daga ƙabilar abokan gaba yake. Fashewar da ta auku a jirginsu, wadda ake bincike a kanta kuwa, hatsari ce, ƙarfe ne ya gaji. Ni ita zan so yaranmu su gani.

Anti Balki: Allah ya ƙara girma Kawu. Amma ina tsoron ta yi wa samari nauyi, rabinta zaman tuhuma ne, magana kan magana. A ajiye ta wa manya.

Kawu Sale: Na yarda, amma kada a manta da ita.

Malam Idi: Ba za a manta ba Kawu. Dakta, biyun nan batir zai ɗauke su?

Dakta Haruna: Kowace kusan minti 45 ce, za ka tsaya a bakin gaɓa. Gara ka raba. Ka tsaya inda sojoji suka bazu a titi, ka tambaye su wa suke zargi ya kashe wutar, ka bar su da tambayar har mako ya zagayo. Ka faɗa musu tun farko akwai ɗan faɗan jirage a ta biyu, mai son fita ya fita.

Malam Idi: Haka za a yi. Wannan Alhamis ta Hajiya, tunda gajera ce kuma za mu samu lokacin hira, sannan ta Dakta mako biyu. Matsalar ita ce shabaka, wato intanet, a nan ba ta iya sauke ko hoto. Kuma dole da fassarar Larabci, yawancinsu ba sa jin Turanci.

Sadiƙu: Bar mini wannan Malam. Zan zuba su duka a katin waya har da ta Kawu, in duba fassarar da kaina. Akwai direban bas ɗan unguwarmu da ke tasowa Talata da asuba, zan ba shi lambarka.