Masu aikin kyautata wa al'umma a kamfanoni, ku faɗa mana yadda aikin yake

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kammala bautar ƙasa, digirina kuma a fannin zamantakewar al'umma ne. Tun ina makaranta nake sha'awar aiki a sashen da kamfanoni ke kula da haƙƙin jama'ar da suke zaune a cikinsu, wanda ake kira CSR. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban taɓa ganin an tallata gurbin ga sabon shiga ba, kullum sai mai gogewa ake nema. Don Allah waɗanda ke ciki ko suka taɓa yi, ta wace ƙofa kuka shiga? Me kuke yi daga safe zuwa yamma? Kuma aikin yana riƙe mutum?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a wani kamfanin siminti nake, jami'in hulɗa da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ba da wannan sunan aka ɗauke ni ba. Akawu ne ni a ofishin mulki. Ranar da motar kamfani ta banke shanun wani makiyayi, mutanen gari suka jera itatuwa suka tare hanya, sai aka rasa wanda zai je ya yi magana da su. Ina jin Hausa da Fulatanci, shi ya sa aka tura ni. Daga ranar duk wata rigima ni ake kira, har aka mai da shi aikina. Yawancin abokan aikina haka suka shigo, wani daga sashen tsaro, wata daga asibitin ma'aikata.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne zama. Zama a ƙofar fadar dagaci, zama da matasa a majalisa, zama a gidan rasuwa. Sannan in dawo ofis in mai da abin da na ji takarda wadda manaja zai iya sa wa hannu. A ƙauye ana ganina ɗan kamfani, a ofis kuma ana ce mini lauyan ƙauye. In ba ki iya haƙuri da wannan ba, aikin zai gajiyar da ke.

Ga abu ɗaya da na gani da idona. An haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wani ƙauye, aka kafa tanki a sama, aka yi masa fentin kamfani. Ranar buɗewa an zo da rumfa da makaɗa, hakimi ya murɗa famfo, yara suka yi ta ihu. Damina ba ta zagayo ba injin da ke turo ruwan ya ƙone. Da na koma, na tarar an ɗaure akuya a ƙafar tankin, mata kuma sun koma tafki da bokitai. Na nemi kuɗin gyara, aka ce babu shi a kasafi, domin na sabon aiki kaɗai aka ware. Mutanen gari kuma suka ce rijiyar kamfani ce, kamfani ya zo ya gyara kayansa. Sai da na yi ta kai gwauro ina kai mari kafin aka yarda cewa duk rijiyar da za mu haƙa nan gaba, sai an kafa kwamiti tun kafin a fara, da mata a ciki, a koya wa samari biyu gyara, a kuma riƙa tara ɗan kuɗi a kan kowace jarka. Waɗanda muka yi a haka suna ba da ruwa har yau. Babu wanda ya ɗauki hoton wannan, amma shi ne aikin da na fi alfahari da shi.

Ki nemi Dokar Ma'adinai ta 2007 ki karanta. Ta wajabta wa mai haƙar ma'adinai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk shekara biyar. Wanda ya san abin da ke cikin irin wannan yarjejeniya ya riga abokan nemansa gaba.

Anti Bilki:
Auta, bari in nuna miki wani ɓangaren, don kada ki ɗauka duk aikin a ƙauye yake. Ni a hedikwatar wani banki nake a Legas, kuma sai in yi wata ban ga ko mutum ɗaya da ya amfana da tallafinmu ba. Kwamfuta ce abokiyar zamana. Ina tattara alƙaluma daga rassa: litar dizal nawa aka ƙona, wutar lantarki nawa aka sha, mata nawa ne a manyan muƙamai, wane bashi aka ba kamfanin da aikinsa ke iya gurɓata ruwa ko raba mutane da gonakinsu. A ƙarshen shekara mu haɗa rahoto.

Wannan ɓangaren ya samu gindin zama ne tun 2012, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idoji tara na ɗorewar harkar banki, ya ce kowane banki ya bi, ya kuma riƙa kawo rahoto. A 2023 aka fitar da sababbin ma'aunai na duniya na rubuta irin wannan rahoto, IFRS S1 da S2, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara cewa za su yi aiki da su. Shi ya sa yanzu ake neman wanda ya iya lissafi da rubutu fiye da wanda ya iya jawabi. Ni daga sashen binciken kuɗi aka dawo da ni.

Abin da ke damuna, 'yan Arewa ba mu da yawa a irin waɗannan ofisoshi. Sai a zauna a Legas a tsara wa Jigawa ko Yobe shiri, babu ko mutum ɗaya a teburin da ya san cewa ba a kiran taron mata da hantsi ranar kasuwa. Ana buƙatar irinku, amma sai kin yarda za ki iya barin gida, domin yawancin guraben suna Legas da Abuja da Fatakwal.

Batun albashi, daidai yake da na sauran ma'aikatan matakinki. Sai dai sashen ƙarami ne, mutum kaɗan ne a ciki, don haka ƙarin girma yana jinkiri.

Malam Mai Alli:
'Yata, ni ban taɓa aiki a kamfani ba, malamin firamare ne, amma ina cikin waɗanda ake zuwa a yi wa aikin, to bari in sa baki. Wani kamfani ya gina mana azuzuwa masu kyau, Allah Ya saka. Sai dai da an tambaye mu, da mun ce banɗaki muka fi buƙata. 'Yan matanmu manya in lalura ta kama su gida suke tafiya, kuma ba sa dawowa sai gobe. An zauna da kansila da mai unguwa, ba a tako ofishin hedimasta ba, balle a ji ta bakin iyaye mata.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Duk wanda ya san Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ya san ruwan da ke fitowa daga masana'antu, ya san warinsa da launinsa. Masana'antar da ke kusa da mu tana raba shinkafa da azumi, muna karɓa muna godiya, amma kwatarta tana nan tana bi ta bayan gidajenmu. In Allah Ya ba ki aikin nan, ki fara tambayar wace cuta kamfanin ke yi wa maƙwabtansa kafin ki tambayi wace kyauta zai ba su.

Ɗan Fatakwal:
Malam ya taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Na yi aiki da wani kamfanin mai a yankin Neja Delta, kuma a can ne aka fi daɗewa ana wannan gwagwarmaya, tun rikicin Ogoni da kashe ɗan fafutukar kare muhalli Ken Saro-Wiwa a 1995. Da can, abin da kamfani ya ga dama shi yake bayarwa. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta sauya wannan. Yanzu dole kamfani ya kafa asusun amana na raya garuruwan da yake aiki a cikinsu, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aikinsa a shekarar da ta gabata. Asusun yana da kwamitin amintattu, da na gudanarwa, da na masu ba da shawara, kuma sai an binciki buƙatun jama'a kafin a tsara ayyuka. Duk waɗannan hannaye suke nema: mai bincike, mai kula da kuɗi, mai bin diddigin ayyuka.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, a Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, ga kuma bututun gas da aka ja daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda ya ratsa gonakin mutane da yawa. Duk inda irin wannan ya bi, akwai maganar diyya da koke-koke, kuma sai mai jin harshen mutane ne zai iya.

Amma ki sani akwai matsi. An sha kirana da tsakar dare ana yi mini barazana saboda sunan wani bai fito a jerin masu tallafin karatu ba. Kariyata ɗaya ce: komai a rubuce, sharuɗɗan zaɓe a manne a bango inda kowa zai gani.

Uwar Biyu:
Ni na yi na bari, kuma gara ki ji dalilina. A kamfanin kayan masarufi da na yi aiki, sashenmu a ƙarƙashin shugaban talla yake. Kowane shiri na kawo, tambayar farko ita ce jaridu nawa za su ɗauka. Ranar da ta karya mini zuciya, mun kai wa zawarawa kekunan ɗinki, aka ce kowace sai ta riƙe kwalin kayanmu ta ɗaga kai a ɗauke ta hoto. Wata dattijuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, mai hoto yana ta ce mata Mama buɗe mana. Sa'ar mahaifiyata ce. Kuma da kasuwa ta ja baya, kasafinmu aka fara yankewa.

Ga kuma 'yan uwa. Da zarar an ji kina wurin rabo, wannan yana son kwangila, waccan tana son a sa sunan ɗanta. In kin hana ki zama marar zumunci.

Yanzu ina tare da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, hankalina ya fi kwanciya. Ban ce kada ki shiga ba. In kin je ganawar ɗaukar aiki, ki tambaya wa sashen yake kai wa rahoto. In shugaban kamfani ne ko kwamitin daraktoci, da sauƙi. In sashen talla ne, kin san abin da za ki tarar.

Baban Hanifa:
Hajiya, ban musa miki ko ɗaya ba, na ga irinsa. Amma in duk masu jin zafin abin suka fice, wa za a bar wa kujerar? Ni dai na ga ana samun sauyi daga ciki, ko da a hankali ne. Yau a wurinmu ba a ɗaukar hoton mai karɓar tallafi sai da yardarsa, kuma faɗan wata abokiyar aikina ne ya kawo haka.

Lauyan Unguwa:
Ƙarin bayani kan abin da Uwar Biyu ta ce game da yanke kasafi. A Indiya, dokar kamfanoni ta 2013 ta tilasta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekaru uku a kan irin waɗannan ayyuka. Mu a nan tilas ɗin ya fi ƙarfi ne a harkar mai da ma'adinai, sauran kuwa yawanci ganin dama ne. Shi ya sa gidauniyoyin da ke da tsayayyen kuɗi suka fi kwanciyar hankali ga ma'aikaci. Gidauniyar MTN, alal misali, daga wani kaso na ribar kamfanin ake ɗaukar nauyinta, wanda ke kaiwa kashi 1 cikin 100 bayan cire haraji. Akwai Gidauniyar Aliko Dangote da aka kafa tun 1994, da ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu da ta fara a 2021. Ki riƙa leƙa shafukansu.

Autar Mama:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti Bilki, to in koma digiri na biyu ne tukuna, ko in fara neman aiki?

Anti Bilki:
Ki fara aiki. Na zauna a teburin ɗaukar ma'aikata, kuma abin da muke dubawa shi ne ko mutum ya taɓa riƙe wani shiri daga farko har ƙarshe, ya yi bayanin kuɗinsa. Ki nemi ƙungiyar agaji ko da aikin sa kai ne, ki koyi sa ido da auna sakamakon ayyuka, ki ƙware a Excel, ki gyara rubutunki na Turanci da na Hausa. Ma'aunan GRI, waɗanda kamfanoni ke bi wajen rubuta rahoton tasirinsu ga jama'a da muhalli, kyauta ake sauke su a intanet. Ki ɗauko rahoton shekara na wani banki ko kamfanin siminti, ki karanta su gefe da gefe. Digiri na biyu zai fi yi miki amfani bayan kin san ɓangaren da kike so.

Baban Hanifa:
Ga wani aiki da ba ya buƙatar izinin kowa. Ki zagaya unguwarku da na kusa, ki rubuta duk rijiya da aji da ɗakin shan magani da ke ɗauke da allon wani kamfani ko gidauniya. Wanne ke aiki, wanne ya tsaya, yaushe, me ya sa, wa ke riƙe da makulli. Ki mai da shi shafi biyu ko uku, ki tafi da shi duk inda aka kira ki ganawa.

Autar Mama:
In sha Allahu ranar Asabar zan fara, akwai irinsu a bayan kasuwarmu. Yaya, wa zan fara tuntuɓa don kada a ce na zo leƙen asiri?

Baban Hanifa:
Mai unguwa. Ki tafi da wani babba daga gidanku, ki gaishe shi, ki faɗa masa ke ɗaliba ce mai neman sani, kada ki yi alkawarin komai. Daga nan ki nemi 'yan garuwa, su ne suka san ranar da kowane famfo ya daina zuba da kuma wanda ya kwance masa kai.