Wa ya harbi Kennedy? Ku raba mana gardama

Ɗan Wadata (Yamai):
Assalamu alaikum. Daren Asabar a fadarmu wani abokinmu ya zo da fim ɗin bincike na Faransanci a portabul ɗinsa, kan kisan shugaban Amurka John Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Mu shida muka kifa kai a kan ɗan allon nan har shayi na biyu ya tafase ya kashe gawayi. Sun yi ta maimaita hoton da Abraham Zapruder ya ɗauka, daƙiƙa 26 kacal, inda kan mutumin ya fizgu baya. To an ce Lee Harvey Oswald, wanda aka kama da zargin kisan, yana bayan motar ne, a saman bene. Wanda aka harba daga baya, yaya kansa zai koma baya? Kuma kwana biyu tsakani Jack Ruby ya bindige Oswald a hannun ƴan sanda, ana nunawa a tele. Abokinmu ya rantse CIA ce, hukumar leƙen asirin Amurka. Ni ma zuciyata ta fara karkata. Masu sani, me kuka ce?

Tsohon Malamin Tarihi (Tawa):
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin in yi ritaya, duk shekara sai wani ɗalibi ya yi mini wannan tambayar.

Kwamitin Warren, wanda gwamnatin Amurka ta kafa don binciken kisan, ya ce a 1964 Oswald ne shi kaɗai, harbi uku. A 1979 wani kwamitin majalisa ya ce da alama akwai mai harbi na biyu, kuma nan masu fim ke tsayawa su buga ganga. Hujjar kwamitin ita ce wani sauti da rediyon babur ɗin ɗan sanda ya naɗa. A 1982 masana kimiyya suka sake saurare, suka gano an naɗi sautin ne kusan minti guda bayan harbin. Fim ɗinku ya faɗi wannan? Na san bai faɗa ba.

Batun kai kuwa, ka tsayar da hoton ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Daga hoto na 312 zuwa na 313 kan ya ɗan yi gaba tukuna, sannan jiki ya fizgu baya. Likitocin da suka duba gawar su ma sun ce daga baya harsashin ya shiga.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne Ruby. Da ƙarfe 11:17 yana ofishin Western Union yana aika wa wata ma'aikaciyarsa kuɗi, risidin yana nan da hatimin lokaci. Da 11:21 ya harbi Oswald. Karyarsa ma a mota ya bar ta. An sanar za a fito da Oswald tun wajen ƙarfe 10, aka makara. Wanda aka turo ya toshe bakin shaida zai tsaya layin aika kuɗi, sa'a guda bayan lokacin da aka sa?

Ba wanke CIA nake ba fa. Sun ɓoye wa kwamitin Warren shirinsu na kashe Fidel Castro, kuma sun san da zuwan Oswald ofisoshin jakadancin Kuba da Tarayyar Sobiyat a birnin Meksiko makonni kafin kisan. Ƙaryar da suka yi ce ta ba jita-jita gindin zama.

Hajiya Ƴar Ader:
Malam, a gafarce ni, ku kuna Dallas, ni hankalina yana filin jirgin Yamai. Ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999 ina tsakar gida ina tankaɗe, maigidana ya shigo da rediyo manne a kunne, ko takalmi bai cire ba. Masu tsaron shugaban ƙasarmu Bare ne suka harbe shi a filin jirgin, kowa ya sani, amma firaminista ya fito ya ce tsautsayi ne. Aka sa afuwa cikin kundin tsarin mulki, babu wanda ya tsaya gaban alƙali. Su can suna da takardu jingim suna gardama, mu ko kwamitin da za mu ƙaryata ba mu samu ba. Burkina ma sai 2022 aka yanke wa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai kan kisan Sankara, shi ma ba ya nan.

Ɗan Wadata (Yamai):
Allah ya jiƙan rai, Hajiya, lokacin ina goye. Baba Malam, na gode. Na karanta wa fada amsarka jiya. Abokin namu ya yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce karyar da risidin duk cikin shirin ne, don irinka su yarda. Yanzu ya ce sai mun sauke takardun da Trump ya saki a watan Maris 2025, shafuka dubun-dubata, da Turanci. Mun ce ya sayi forfe da kuɗinsa.