Me za mu kira "declutter" da Hausa?

1/ 'Yar yayata ce ta jawo maganar. Ta zo hutu daga Samaru, ta leƙa ɗakin Hajiyarmu a Tudun Wada, ta ce, "Hajiya, ɗakin nan sai an yi masa declutter." Hajiya ta ce, "A yi masa me?" Yarinya ta hau kame-kame. Na sa baki, ni ma harshena ya sarƙe. Abin kunya a Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

2/ Kwalema ce ta fara zuwa bakina, amma ba ita ba ce. Duk wanda ya ga kwalemar jajiberin Sallah ya sani: a fito da komai tsakar gida, a kaɗe yana, a wanke ƙasa, kafin magariba a mayar da kowane tsinke inda yake. Ko murfin kwalba ba ya barin gidan.

3/ Kimtsawa kuwa gyara wa kaya zama ce kawai.

4/ Sai na koma kan tushen kalmar a Turance, wato "clutter". Da yawa za su ce tarkace. Ban yarda ba. Tarkace shi ne abin da ɗan gwangwan zai ɗora a sikeli: mataccen risho, fanka mara kai. Abin da ya cika ɗakin Hajiya lafiyarsa ƙalau. Kuloli na rabon biki da ko ledarsu ba a cire ba, kumbuna da kwalla na jeren aurenta, atamfofi a adaka suna ƙamshin kafur, jakunkuna a kan sif har suna taɓa silin. Ka kira waɗannan tarkace a gabanta ka ga ɓacin rai. Sunansu shirgi: kaya ne masu kyau da suka yi yawa har suka cinye wuri.

5/ Don haka na tsaya a kan rage shirgi. Tana shiga jimla ba gargada: "Yau rage shirgi nake yi." Wani abokina malami ya kawo tankaɗe da rairaya. Ta yi daɗi, tunda akwai zaɓe a ciki, sai dai ta yi tsawo, kuma 'yan jarida sun riga sun aro ta don tantance ma'aikata.

6/ Robobin nan masu hawa-hawa da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ma, sunan "ma'adani" ya ishe su. Dabarar ba baƙuwa ba ce. Ragaya fa? A rataye ƙwarya a sama, ɓera bai kai ba, gara ba ta kai ba, ƙasa ta zama fili.

7/ Na gwada kalmar a kan Hajiya. Nan take ta gane, har ta ware kuloli biyu a kai wa maƙwabciya. Da yarinyar ta miƙa hannu wajen kwalla, sai ta ce, "Ke, sauke hannunki. Wannan ba shirgi ba ne, uwata ce ta saya min."