Idan majinyaci ya ce aljanu ne, me ya kamata mai ba da shawara ya yi?

Mai neman sani: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. An kawo wata matar aure daga ƙauye, ta zauna kanta a sunkuye, da aka tambaye ta sunan mijinta sai ta yi shiru, uwar mijin ce ta amsa. Jami'in lafiyar da ya duba ta ya rubuta cewa ta ƙi ba da haɗin kai, da ya ji an yi mata ruƙiya kuma ya ce jahilci ne. Shin wannan ba wariya ba ce? Ta yaya ake bambance al'ada da alamar ciwo?

Tsohon ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam, 'yata. Kunya ce ya rubuta a matsayin ciwo, domin mace mai tarbiyyar gargajiya ba ta ambaton sunan mijinta, balle a gaban surukarta, kuma da ya nemi surukar ta ɗan fita da ya ji abin da bai ji ba. Mutanenmu da yawa ba sa cewa suna cikin damuwa, sai dai su ce zuciyarsu tana bugawa ko barci ya ƙaurace musu, wanda bai san haka ba zai sallame su da maganin ciwon kai. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, har ya yi aiki da masu maganin gargajiya, kuma hakan bai rage masa ƙima a likitanci ba, don daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mazauniyar Ingila: 'Yar'uwa, matsalar ta daɗe. A 1851 wani likita a Amurka, Samuel Cartwright, ya ce gudun da bayi ke yi daga iyayengijinsu taɓin hankali ne. A nan Ingila kuwa, alƙaluman hukuma sun nuna ana tsare baƙaƙen fata a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa fiye da ninki uku na fararen fata, idan aka yi la'akari da yawan kowane ɓangare. Kundin DSM-5 na 2013, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa wajen tantance cututtuka, ya zo da tambayoyi 16 kan al'ada da ake yi wa majinyaci, ciki har da abin da shi da danginsa suke ganin ya jawo ciwon da kuma inda ya riga ya nemi taimako. Ki neme su ki karanta.

Malamin Islamiyya: Na yarda da ku, amma kada girmama al'ada ya hana a kira ciwo da sunansa. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu ɗaure da mari, da sunan gyaran tarbiyya. Idan mai jego ta ce tana jin murya tana umartarta ta cutar da jaririnta, ni da kaina nake ce wa mijinta su tafi asibiti a ranar, addu'a kuma a ci gaba da yi. Malama, ki tambayi matar nan ko halinta ya sauya daga yadda danginta suka san ta, da kuma yaushe sauyin ya fara.