Yarana sun iya ƙirga har ɗari, amma 32 a cire 7 ya gagare su

Malamar Aji Biyu:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana malamai na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina koyarwa a wata firamaren gwamnati a bayan gari, aji biyu, yara 74 a rajista, kodayake ranar kasuwa ba sa kai 60. Shekarata ta uku ke nan a bakin aiki.

Yaran nan in na ce su ƙirga da Turanci, wan, tu, tiri, har ɗari, ba mai tuntuɓe, har ajin da ke maƙwabtaka da mu sai sun ji. Amma makon jiya na rubuta 32 − 7 a allo, fiye da rabin ajin suka rubuto min 35. Na zauna da littattafan a gabana ina mamakin yadda za a ɗebe abu kuma ya ƙaru. Abin da ya fi tsaya min a rai, cikinsu akwai wata yarinya da take tallar awara da yamma a bakin layinmu. Na sayi ta ɗari da talatin na ba ta ɗari biyu, kafin in rufe jaka ta miƙo min saba'in. Ita ma 35 ta rubuta.

Na maimaita darasin sau uku, na ba da aikin gida, har faɗa na yi, Allah ya yafe min. Hedimasta kuma ya ce in bi manhaja, zangon nan dole mu shiga sau. Kayan aiki babu, alli ma wani lokaci da kuɗina nake saya. Yaya zan yi?

Baba Hedimasta Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, 35 ɗin nan tsohuwar abokiyata ce, na sha ganin ta. Yaran ba shirme suka yi ba, doka suka bi. An ce musu ana cire ƙarami daga babba, to sun ga 2 a sama, 7 a ƙasa, suka cire 2 daga 7 suka sami 5, suka sauko da 3 ɗin da ba ruwanta. A idonsu 32 uku ce da biyu da suka zauna kusa da juna. Ba su san ukun nan talatin ce ba. Nan ciwon yake, kuma maimaita darasi a allo ba zai taɓa shi ba.

Ki sa kowane yaro ya zo da tsinken tsintsiya, tsohuwar tsintsiyar da aka yar ma ta isa. A kakkarya su tsawon ɗan yatsa, a ƙirga goma a ɗaure da zare ko roba. Su yaran za su ƙirga su ɗaure da hannunsu, kada ki yi musu. Sai ki ce kowa ya ajiye talatin da biyu a gabansa: ɗauri uku, warwara biyu. Ki ce, “Ba ni bakwai.” Daga nan ki yi shiru. Yaro zai duba ya ga warwara biyu kaɗai gare shi. Zai ɗan yi jim, wani ma ya ce ba za su isa ba. Ki ƙyale su. Ba za a jima ba wani zai kwance ɗauri ɗaya, warwararsa ta zama sha biyu, ya ba ki bakwai, ya rage da ɗauri biyu da warwara biyar. Sai bayan sun yi irin wannan kwana da kwanaki za ki rubuta shi a allo, kina nuna musu cewa abin da hannunsu ya yi shi ne alli yake yi.

Kuma ni kalmar “aro” da muke faɗa, mu ari ɗaya daga maƙwabci, ban taɓa son ta ba. Wane irin aro ne ba a biya? Yaro mai hankali sai ya rikice. Ki ce musu kwance ɗauri, ko yin canji, kamar mai ɗari da ya je aka ba shi goma-goma.

Abban Yara:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ni ina ganin wasa ya yi yawa a makarantun yanzu. Mu a zamaninmu jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu muka haddace, wanda ya kuskure ya sha bulala, kuma ga shi har yau ba a cuce mu a kasuwa. Sannan a faɗi gaskiya, mu nan Arewa lissafi ba namu ba ne sosai, sai ɗaiɗaiku masu baiwa.

Malamin Lissafi a Sakandare:
Yallaɓai Abban Yara, hadda tana da wurinta, ban musa ba. Ɗalibin da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san bakwai sau takwas zai sha wuya a WAEC da NECO. Amma waɗanda aka yi wa hadda da bulala ni suke iskewa a aji huɗu na sakandare. Zai rera maka jadawalin bakwai kamar waƙa, in ka ce buhu bakwai kowanne da mudu takwas, mudu nawa ke nan, sai ya tambaye ka, “Malam, tarawa za a yi ko sau?” Wasu kuma da na ɗauki alli jikinsu yake mutuwa, tsoron da suka kwaso tun firamare. Bulala ta koya musu cewa kuskure abin kunya ne, sai suka daina gwadawa.

Zancen lissafi ba namu ba ne kuwa, a Katsina aka haifi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara murabba'in lambobi, irin na hatimi, da kowane layi yake ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Malama, yarinyar awarar nan ita ce mataimakiyarki ba ki sani ba. A 1985 wasu masu bincike suka buga sakamakon aikin da suka yi da yara 'yan talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. A bakin sana'a yaran suna ba da amsa daidai kusan kullum, da aka ba su lissafin nan dai a takarda sai suka yi ta faɗuwa. To ki tambaye ta a gaban aji yadda ta san canjinki saba'in ne. Kusan na tabbata za ta ce daga ɗari da talatin ta ƙara ashirin ya zama ɗari da hamsin, ta ƙara hamsin ya cika ɗari biyu. Ba ta ɗebe ba, hawa ta yi. Ki zana dogon layi a allo ki nuna tsallen da ta yi, ashirin sannan hamsin. Ranar za ta gane cewa abin da take yi a bakin layi shi ne lissafin makaranta, sauran kuma su ji daga bakin 'yar uwarsu.

Malamar Hausa:
Ni abin da ya ja hankalina wan, tu, tiri ɗin nan ne. 'Yar uwa, waƙa suka iya. Ki gwada su da Hausa ki ga bambanci, domin harshenmu ya riga ya yi miki rabin aikin. Yaron da ya ce goma sha ɗaya ya faɗi ɗauri ɗaya da warwara ɗaya da bakinsa. Ilebin da tuwelf ba su gaya masa komai ba, fiftin da fifti kuwa a kunnensa kusan abu ɗaya ne. Har ɗebewa muna da ita a cikin ƙirga: kakanninmu kan ce ashirin ba biyu, suna nufin sha takwas, talatin ba ɗaya, ashirin da tara.

Inda za ki ɗan kula shi ne ashirin, talatin, arba'in har casa'in, daga Larabci muka aro su, ba a jin goma a cikinsu. Tsohuwar Hausa gomiya biyu, gomiya uku take cewa. Ki dawo da ita aji: talatin, wato gomiya uku. Kada ki ce “goma uku” don kada ta cakuɗe musu da goma sha uku.

Masu tsoron Turancin yara zai lalace, a Ile-Ife an gwada tun 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, aka koyar da yara darussa da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma ba su zo baya ba. Ki fara da Hausa, in sun gane sai ki ba su sunan abin da Turanci.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ku gode wa Allah da fiftin da fifti. Mu a lakwal, wato makarantar boko, Faransanci ke ce wa tamanin “ashirin huɗu”, casa'in kuma “ashirin huɗu da goma”. Sannan a kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa ɗari. Yaron da ake aike kullum yana ninkawa da biyar a kansa, a aji kuma a ce bai iya sau ba. Shawarar Baba ita ce, mu da duwatsu da murafun kwalba muke yi.

Malamar Aji Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, wallahi yanzu na gane 35 ɗin. Amma yara 74 da tsinke a hannu, ai tsokane-tsokane za a koma yi. Kuma wasu ko 6 da 9 ba sa bambancewa, wasu kuma sun wuce nan. Wa zan bi?

Malama Daga Maiduguri:
'Yar uwa, wannan tambayar ita ce aka gina wani tsari a kanta, ana ce masa TaRL, wato koyar da yaro daga matakin da yake. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da shi, Zambiya ta ɗauka, mu ma nan Borno an horar da malamai a kai, kuma ɗauri da tsinken da Baba ya faɗa yana cikin kayan aikinsa. Asalinsa don 'yan aji uku zuwa sama aka yi shi, amma dabarar za ta yi miki.

Ki ɗauki kwana biyu ko uku ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, da baki, ba jarrabawar rubutu ba, minti biyu kowane yaro. Ki nuna lamba mai ƙwaya ɗaya, in ya gane ki nuna mai biyu, in ya gane ki ba shi tarawa, sannan ɗebewa. Inda ya tsaya nan ne matakinsa. Za ki samu kashi uku ko huɗu. Kada ki sa musu sunan masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari, ki ba su sunan tsuntsaye ko launi, kuma duk bayan 'yan makonni ki sake gwaji, wanda ya haura ya koma gaba.

Maganar tsokana, kada ki raba wa kowa nasa. Su zauna da'ira, shida-shida ko takwas-takwas, tsinke a tsakiya, a ƙasa za su rubuta da alli ko da yatsa in kun fita inuwa. Ki yanke tsinin tsinken tun farko. Makon farko hayaniya za ta yi yawa, ki daure. Hedimasta kuma kada ki yi jayayya da shi, ki kai masa takardar gwajin ya ga yara nawa ne ba su san 47 ba in an nuna musu, ki roƙi rabin awa kullum. Sau ɗin ma da ɗauri za ki shige shi, ɗauri huɗu na goma-goma ai goma sau huɗu ne.

Maman 'Yan Biyu:
Ni uwa ce, ba malama ba, amma na yi renon yara a nazare. Waɗanda ba su bambance 6 da 9 ba, ki koma da su baya kaɗan. Ki zuba duwatsu ki ce, “Ba ni biyar.” Wani zai dumbuzo miki ya miƙo, alhali ya iya rera ƙirga. Sai ya riƙa taɓa kowane dutse yana faɗin lamba ɗaya, har ya gane lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin. Ki gaya wa iyaye mata a taron iyaye su riƙa sa su aiki a gida: ɗauko cokali shida, raba ƙosai tara ga mutum uku, mudu nawa aka auna. Carafke da dara ma ƙirga ce, a bar su su yi. Kuma na bayan aji da kullum yake kwafo lamba ba daidai ba, ki dawo da shi gaba ki gani, wani ido ne ke damunsa ba a sani ba.

Malamar Aji Biyu:
Salamu alaikum, na dawo bayan mako uku. Hedimasta ya ba ni rabin awa bayan tara. Na yi gwajin, 19 ba su gane lamba mai ƙwaya biyu ba sam, su na fi zama da su. Jiya na sake ba da 41 − 6, masu rubuta 45 sun ragu sosai amma ba su ƙare ba. Mai awara ta yi bayani a gaban aji tana rufe fuska da hijabi, yanzu ita ke riƙe da gwangwanin tsinke. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo: in na ce su rubuta talatin da biyu, wasu sai su rubuta 302.

Baba Hedimasta Mai Ritaya:
Madalla 'yata. Wannan ma kunnensu suka bi, sun ji talatin sun rubuta 30, sun ji biyu sun ƙara 2. Ki zana musu ɗaki biyu a ƙasa, na hagu ɗakin ɗauri, na dama ɗakin warwara. Su ajiye tsinken a ciki, sannan su rubuta yawan abin da ke kowane ɗaki a ƙofarsa, lamba ɗaya tak. Ki yanka kwali ki rubuta 30 a babba, 2 a ƙarami, yaro ya ɗora 2 a kan sifilin ya ga 32, ya ɗaga ya ga talatin ɗin tana nan a ƙasa. In sun saba, ki ba su 40 ki tambaye su me za a rubuta a ƙofar ɗakin da ba kowa. Ki zo ki faɗa mana abin da suka ce.